Sanƙarau da Lissafin da Muka Ƙi Yi

Duk wanda ya tashi tsakanin Sakkwato da Damagaram ya san lokacin sanƙarau, ba sai likita ya gaya masa ba. Hazo zai yi wata biyu a tsaye, leɓe ya tsattsage, hanci ya bushe har yara su riƙa haɓo, sannan sanyi ya janye, zafin bazara ya danno kai. A nan ake fara jin an kai ɗan gidan wane asibiti, zazzaɓi ya rufe shi, wuya ya sage, ko hasken fitila ba ya son gani. Idan jariri ne, sai ka ga maɗigarsa ta kumbura, ya ƙi nono. Haka za a yi ta fama daga Fabrairu zuwa Afrilu ko Mayu. Da ruwan farko ya sauka ƙura ta kwanta, cutar sai ta lafa kamar ba a yi ba. Kakanninmu sun san wannan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, cutar da kowa ya san watanta kuma ya san yankinta, ita ce bayan 'yan shekaru hukuma za ta fito a rediyo ta ce ta ɓulla, sai ka ce daga sama ta faɗo.

A ganina, bayan ita cutar kanta, babu abin da ke kashe mana yara a lokacin annoba kamar rashin lissafi. Lissafin da nake nufi kuwa ɗan aji shida na firamare zai iya yin sa: a ƙirga waɗanda suka kamu a wannan makon, a raba da yawan mutanen wurin, a ɗiga a kan taswira, a duba ko ya fi na makon jiya. Iyakarsa ke nan. Sauran duk ƙari ne a kan wannan.

Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa annobar sanƙarau a yankinmu ba baƙuwa ba ce. Tana zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya, kusan mutum ɗaya cikin goma na iya ɗauke da ita bai sani ba, yana zuwa kasuwa, yana bin sahu a masallaci. Tari da atishawa da kwanan cunkoso a ɗaki ɗaya ke yaɗa ta. To me ya sa take zama lafiya da mutum wata da watanni, sai a rani ta juya masa baya? Masana na ganin busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu ƙofar shiga jini, daga nan ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ƙurar nan da ke rufe Kano har jirgi ya kasa sauka, mai yawa daga cikinta daga ƙwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya tattara rahotannin asibitoci ya zana iyakar yankin da cutar ke yi wa ɗauki ɗai-ɗai, ya ga iyakar tana bin yawan ruwan saman da wuri ke samu a shekara. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikin wannan ɗamara, daga Senegal zuwa Habasha, ƙasar Hausa kuwa a tsakiyarta take. Da alƙalami da taswira ya yi wannan aiki.

A 1996 annobar ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. Najeriya kaɗai ta ba da rahoton sama da mutum 100,000 da suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Bayan wannan bala'i ne aka kafa rumbun ajiyar allurar rigakafi na duniya a 1997, aka kuma ƙara ƙarfafa wata ƙa'ida mai sauƙi. Kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara ta a yanzu, idan a gunduma aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako guda da alamun sanƙarau, wannan gargaɗi ne: a bincika, a ɗebi ruwan laka a kai gwaji, a tanadi magani. Idan ya kai mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, annoba ce, a nemi allura. Ana kuma so a fara allurar cikin mako huɗu da tsallake wannan iyaka, domin idan aka wuce haka cutar ta riga ta ci rabonta, abin da ya rage ihu ne bayan hari.

A lura da kalmar "cikin". Ita ce ke ɓacewa a labaranmu. Za ka ji mai karanta labarai ya ce mutum 40 sun kamu a jiha kaza, shi ke nan ya wuce labari na gaba. Arba'in cikin mutum nawa? A mako nawa? A gari ɗaya ko a warwatse? Manomin da ya ce maka ya samu dami hamsin bai gaya maka komai ba sai ka san faɗin gonarsa. Mutum biyar a mako a cikin birnin Kano mai miliyoyin jama'a ba abin tashin hankali ba ne. Mutum biyar ɗin nan a mazaɓa mai mutum 20,000 ya zama 25 cikin 100,000, wato gobara ta riga ta kama. Kuma idan aka haɗa wannan mazaɓa da sauran ƙaramar hukumar mai mutum rabin miliyan aka yi lissafi a dunƙule, sai adadin ya narke ya koma 1 cikin 100,000, rahoto ya tafi Abuja cewa lafiya lau. Shi ya sa ƙa'idar ta ce a rarraba manyan gundumomi kada kowane yanki ya wuce mutum 100,000. Wurin rabawar nan ake ceton rai ko a rasa shi.

Mun ga haka ƙarara a 2017. Cutar ta fara a Zamfara cikin Disamban 2016, amma sai a Fabrairun 2017 aka sanar da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya. Wata biyu cur. Kafin a kai tsakiyar Yuni an lissafa mutum 14,518 da ake zargin sun kamu, 1,166 suka rasu, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Daga cikin dubban nan, waɗanda aka gwada ruwan lakarsu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu rumbun allura suna son shaidar ɗakin gwaji cewa ga nau'in ƙwayar da ke yawo kafin su saki kaya. A tsakiyar wannan hali ne gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya gaya wa 'yan jarida cewa cutar azaba ce daga Allah saboda saɓon da mutane ke yi. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da tawagarsa, da aka tambaye shi ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ya nemi labarin inda cutar take, ya yi shawara, ya yanke hukunci. Gwamna kuma aikinsa ya tambayi kwamishinansa me ya sa rahoto ya kwana sittin a hanya.

Abin takaicin shi ne alamar ta daɗe da bayyana. Nau'in da ya yi ɓarnar, wanda ake kira C, an gan shi yana tasowa a jihar Sakkwato tun 2013, ya ƙara faɗi a Kebbi a shekarun da suka biyo, a 2015 ya afka wa Nijar ya kama sama da mutum 8,000, ya kashe fiye da 500, har da birnin Yamai. Duk mai ɗiga waɗannan a taswira shekara bayan shekara zai ga inda abin ya dosa.

Kada a ce ina kushe kawai. Lissafin nan shi ne ya tabbatar mana da ɗaya daga cikin manyan nasarorin lafiya a yankinmu. Allurar MenAfriVac, wadda aka ƙera a Indiya musamman domin nau'in A na ƙwayar sanƙarau, kowace guda a ƙasa da rabin dala, an fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010. A Chadi, cikin Disamban 2011, an yi wa mutum kimanin miliyan 1.8 'yan shekara 1 zuwa 29 a N'Djamena da yankuna biyu da ke kusa, sauran ƙasar na jiran nasu zagayen. Da ranin 2012 ya zo aka kwatanta. Inda aka yi allura, kimanin mutum 2.5 cikin 100,000 suka kamu. Inda ba a yi ba, kusan 44 cikin 100,000. Bambancin kashi 94 cikin ɗari. Masu binciken ba su tsaya nan ba, sun bi ƙauyuka suna shafo maƙogwaron masu lafiya da auduga: kafin allura sun sami mutum 32 ɗauke da ƙwayar cikin 4,278, bayan allura mutum 1 cikin 5,001. Ashe allurar har ɓoyayyen mai ɗauke da cutar take wankewa. Ba wanda zai san haka daga kallon gadajen asibiti. Sai da aka fita aka ƙirga masu lafiya. Amma da A ya kau, sauran nau'o'in suna nan, shi ya sa a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Rabawa tana buƙatar abin da za a raba da shi, mu kuwa ba mu san yawanmu ba. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya a 2006 aka yi ta. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar nan yau wani ya yi aure. Jami'in lafiya na ƙaramar hukuma yana ɗaukar adadin 2006 ne ya yi ta ƙara masa kaso kaɗan duk shekara, alhali a tsakani garuruwa sun tashi saboda 'yan bindiga, wasu sun ninka saboda 'yan gudun hijira, unguwannin bayan gari sun cinye gonaki. Sakamakon haka har abin dariya yake haifarwa: sai ka ga rahoton ofis ya ce an yi wa fiye da kashi 100 cikin ɗari na yaran wuri rigakafi. A takarda an yi wa yaran da ba su wanzu ba ma allura. Da aka yi binciken gida-gida na ƙasa a 2016 zuwa 2017, sai aka gano kashi 33 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya suka sami allurar Penta (rigakafin jarirai mai kare cututtuka biyar) zagaye na uku, a jihar Sakkwato kuwa kashi 3. Uku, ba talatin ba.

Irin wannan bincike ba sihiri ba ne, kuma ba sai an jira ƙidayar ƙasa ba. Akwai tsohuwar hanya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana koyarwa: a zaɓi unguwanni 30 ta hanyar ƙuri'a, a kowace a duba yara 7, jimla 210. Amsar da za ta fito ba ta cika kauce wa gaskiya da fiye da maki 10 sama ko ƙasa ba. Ba ta da kaifi sosai, amma ta isa ta bambance maka kashi 30 da kashi 90. Sirrin duka yana cikin ƙuri'ar. Idan ma'aikaci ya tsaya a gidajen bakin titi, ko ya bar mai unguwa ya zaɓa masa gidajen da za a shiga, to ko yara dubu goma ya duba aikin banza ya yi, domin waɗanda ba a yi wa allura ba suna can rugar da babur ba ya kaiwa.

Akwai wani bincike daga Nijar da nake so kowane jami'in lafiya na Arewa ya sani, saboda ya taɓo rayuwarmu kai tsaye. An daɗe da lura cewa ƙyanda tana tashi a rani ta kwanta da damina a Yamai da Maraɗi da Damagaram, ana ɗora laifin a kan yanayi. Sai masu bincike suka ɗauko hotunan dare na tauraron ɗan'adam, suka auna hasken wuta da fitilu a biranen nan uku wata bayan wata, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2011. Hasken yana ƙaruwa bayan kaka, yana raguwa da damina, yaɗuwar ƙyanda kuma tana bin sa sau da ƙafa. Abin da tauraron ya gani shi ne cin rani. An gama girbi, mutanen karkara sun cika birni da iyalansu, ɗakuna sun cushe, yaran da ba a taɓa yi wa allura ba sun haɗu da cutar da mutum ɗaya ke iya shafa wa 12 zuwa 18. Da irin wannan saurin yaɗuwa, sai an rigakafe kusan kashi 95 cikin ɗari kafin cutar ta rasa hanyar wucewa. Darasin a fili yake: yawan mutanen Maraɗi a watan Maris ba shi ne yawansu a Agusta ba, kuma wanda ya ƙiyasta allurar da zai kawo da adadin damina zai tarar kayansa sun ƙare layi bai ƙare ba. Me zai hana a kafa teburin rigakafi a tashoshin mota da bakin kasuwanni daga Nuwamba, lokacin da 'yan cin rani ke shigowa? Haka nan makarantun allo, da ke cika da sababbin almajirai a daidai wannan lokaci.

Sai maganar sifiri. Rahoton da ya ce ba a samu kowa ba yana da fassara biyu: ko dai babu cutar, ko babu mai dubawa. Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga cutar shan inna ta asali ba, har an fara shirin murna, sai a Agustan 2016 aka same ta a Borno. Da aka duba ƙwayoyin halittarta aka gano ta yi kusan shekara biyar tana yawo a yankunan da Boko Haram ta hana ma'aikata shiga. Sai a 2020 aka ayyana an rabu da ita. Yau ƙananan asibitoci nawa ne ke rufe a dazukan Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina? Kowannensu sifiri yake bayarwa, ko kuma ba ya bayar da komai, a jadawali kuwa su biyun kama suke yi. Ya kamata kowane rahoton mako ya faɗi asibiti nawa ne suka aiko, nawa suka yi shiru.

Mutuwa ma ba ma rubuta ta. Muna gaggauta jana'iza kamar yadda addini ya koyar, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta, babu takarda. A Afrilun 2020, masu haƙa kabari ne suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa a Kano sun wuce ƙima. Aka yi ta musu, wannan ya ce korona ce, wancan ya ce zafi ne da hawan jini. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an lissafa mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma daga tambayoyin da aka yi wa iyalai, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da nasaba da korona. Da a ce kowace maƙabarta tana da littafi guda, ana rubuta rana da shekarun mamaci da unguwarsa, da cikin mako ɗaya an kwatanta da Afrilun shekarun baya an ga tazarar. Littafi da biro da ɗan alawus ga mai gadi. Nawa ne kuɗinsu?

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce asibitin da babu allurar ceftriaxone ta maganin sanƙarau, babu ruwan ƙari, babu wuta, ina shi ina ƙididdiga? Magani muke so. Gaskiya ne, amma maganin ba ya wadatar kowa, dole a zaɓi inda za a fara kaiwa, kuma in ba adadi ne ya zaɓa ba to ɗan siyasa ne zai zaɓa. Wani kuma zai ce mutanenmu ba sa son a ƙirga su. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, kuma yana da tarihi. Ƙirga ta zo mana ne tare da haraji da jangali, mai littafi in ya shigo gari ɓoye shanu ake yi. Ga kuma abin da ya faru a Kano a 1996, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a bincike kan yara kimanin 200 a tsakiyar annoba, 11 daga cikinsu suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wanda ya san wannan ba zai zargi uwar da ta ƙi a soka wa ɗanta allura a baya a ɗebi ruwa ba. Amma maganin wannan tsoro shi ne a riƙa dawo wa mutane da sakamako. Kullum ɗiba ake yi a tafi, fom ya haura Abuja ko Yamai ko Janeba, hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya, dagacin da aka ƙirga mutanensa ba ya sake jin komai.

Ita kuwa hukuma, nata ɓoyon ya fi muni. Kwalara sai a ce amai da gudawa ne kawai, don kada a ce gwamnati ta gaza. Ma'aikacin da ya kai rahoton gaskiya da wuri shi ake yi wa kallon mai tona asiri. Na taɓa zama a wani ƙaramin asibitin karkara ina kallon jami'in sa-ido kan cututtuka yana kwafe rajista da hannu, shafi bayan shafi, a gefensa ga kwalbar samfur da ya kamata ta isa ɗakin gwaji, babur ɗinsa a jingine babu mai, yana jiran direban motar kasuwa da zai roƙa ya tafi da ita. Duk tsarin gargaɗin da aka zana a Janeba a kan wannan bawan Allah ya tsaya.

Don haka buƙatata ba ta da tsada. Kowace jiha ta ware kuɗin mai da na waya ga waɗannan jami'ai a kasafinta, ta daina jiran ƙungiyoyin agaji. Daga Disamba zuwa Yuni a riƙa karanta adadin mako na kowace ƙaramar hukuma a gidan rediyon jiha da Hausa, yadda ake karanta farashin hatsi, tare da faɗin cikin mutum nawa. A ba masu unguwanni da limamai da ungozomomi da masu kemis lambar da za su kira idan sun ga wuya biyu sun sage a mako guda. 'Yan jarida kuma su daina karɓar adadi tsirara daga bakin kwamishina. Sannan jami'an Katsina da na Maraɗi, na Illela da na Ƙonni, su riƙa musayar alƙalumansu kai tsaye duk mako, ko dangantakar Abuja da Yamai ta yi tsami ko ta yi daɗi. Nijar tana da cibiyar bincike ta CERMES da ta daɗe tana gwada samfuran sanƙarau daga gundumomi, kuma mutanen da ke cin kasuwar Jibiya ranar Lahadi su ne gobe za ka gani a asibitin Maraɗi.